Ku bar yarinyar nan ta yi karatunta

Wallahi abin da kunka yi ma yarinyar nan ta Argungu bai dace ba. Ta samu gurbin ƙaro karatu kan halittun teku da ake kira plankton, maimakon barka sai "ina teku a Kebbi?" Har da masu digiri cikin masu dariya, shi ne ya fi ƙona min rai.

Halittun nan ƙanana ne, yawancinsu ido bai ganinsu, suna yawo a saman ruwa inda rana ke kaiwa, wajen mita 200. Masu kama da tsiro a cikinsu suna zuƙe iskar kabon, wadda ke ƙara ma duniya zafi, kuma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga gare su take. In sun mutu, ko wasu ƙananan dabbobi sun cinye su sun yi kashi, gawa da kashin da yauƙi sai su dunƙule su yi nauyi su riƙa nitsewa sannu a hankali, bakteriya na cinye mafi yawa a hanya, amma abin da ya kai can ƙasa sai ya yi ɗaruruwan shekaru kabon ɗinsa bai dawo sama ba. Ba don wannan nitsewar ba da zafin da muke kuka da shi ya fi haka. To ya shafe mu ko bai shafe mu ba?

Masu cewa ta karanta likitanci, na ji, kowa ba zai zama likita ba.

Hazon hunturu da ke rufe Birnin Kebbi, da yawansa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon tafki ne cike da ɓawon irin waɗannan halittu. Ƙurar nan in ta wuce kanmu tana zuba cikin Atilantika, ta kai ma plankton ɗin can sinadarin ƙarfe, ta kuma manne ma dunƙulen ta ƙara masa nauyi. Dutsen Kalambaina da ake siminti da shi a Sakkwato, a ƙarƙashin teku ya taru lokacin da ruwa ya rufe yankin nan. Sannan a ce babu ruwanmu da teku?

Ni tun da na yi sakandare ban taɓa leƙa madubin ƙara girma da ake ganin ƙananan halittu da shi ba, a allo aka zana muna shi. Tsofaffin ɗalibai, in za a yi taro bana don Allah a rage kuɗin abinci a sayo ko guda biyu, a ɗebo ruwan Matan Fada yara su gani da idonsu.