Kuɗin mota ba shi ne kuɗin tafiya ba

A Damagaram, maigida kan ce zai kai iyali Yamai hutun lakwal, ya tambayi kuɗin tikiti, ya ninka da kawunan gidan, ya ce lissafi ya cika. Bai cika ba. Tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, yini sur a mota, yara kuwa ba sa azumi a hanya: ruwa a Maradi, tsire a Kwanni. Ga tsaraba, don ba a shiga gidan gwaggo hannu rabbana, ba a dawo wa maƙwabta haka.

Abin da aka fi mantawa shi ne lokaci. Babban hutu na faɗowa ne daga Yuli zuwa Satumba, daidai sa'adda rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau a kasuwar Dole. Wanda ya bari sai lokacin zai tara, daga bakin tukunya zai yanka. Gara tun kaka a sayi hatsin damina, sannan uwargida ta shiga adashi, ko jika biyu-biyu ne, ta roƙi uwar adashi kwasarta ta faɗo watan Yuni.