"Ba ni da kan lissafi": hukuncin da aka yanke tun a firamare

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin manya masu hankali da sana'a, kuma suna faɗinta hankali kwance kamar masu faɗin sunan garinsu: "Ni ba ni da kan lissafi." Sau da yawa mai faɗin haka ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari wanda zai lissafa maka kuɗin dila guda ta atamfa da ka, ya cire ragin da ya yi maka, kafin yaron shagonsa ya lalubo kalkuleta. Ko kuwa uwar adashi ce wadda ke riƙe da zubin mata ashirin, ba ta taɓa ruɗewa a kan wadda kwasa ta zo kanta ba. Lissafi suke yi daga safe har dare, amma sun yi imani cewa an halicce su ba tare da shi ba, saboda wani malami ya taɓa kiransu daƙiƙai a aji huɗu, ko kuma sun faɗi darasin a WAEC.

Maganar tana da 'yan uwa da yawa: karatu ba nawa ba ne, shekaru sun ja, irinmu ba a yi mu don wannan ba, duk gidanmu babu mai kan boko. Dukkansu hukunci ne da mutum ya yanke wa kansa bisa wata hujja da ta taɓa zama gaskiya, sannan ya daina sake duba ta. Illarsu ita ce suna kare kansu da kansu. Wanda ya gaskata ba shi da kan lissafi ba zai sake buɗe littafin lissafi ba, wanda bai buɗe ba kuwa ba zai iya ba, rashin iyawar kuma ya zama sabuwar shaida a kansa. A ƙasar da ake bukatar kiredit a lissafi kafin a shiga yawancin kwasa-kwasan jami'a, wannan jimla guda ta rufe wa mutane ƙofofi masu yawa.

A shekarar 1967 wasu masana halayya biyu a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Martin Seligman da Steven Maier, suka yi gwaji da karnuka. Ba ina kamanta ɗan Adam da dabba ba ne, abin da gwajin ya nuna ne ya shafe mu. An riƙa jan wasu karnukan da lantarki ta yadda babu abin da za su yi ya tsaya, wasu kuma aka ba su abin da za su danna da hanci ya katse. Daga baya aka sa su duka a akwatin da ƙetare ɗan gajeren shinge kawai zai fitar da su daga azabar. Waɗanda suka saba da cewa motsinsu yana da tasiri suka tsallake nan da nan, yawancin sauran kuwa suka kwanta suna kuka, ga hanya a buɗe. Abin da ya fi jan hankalina shi ne maganin. Kira da lallashi ba su tashe su ba, sai da aka ja su da igiya aka ƙetarar da su sau da dama, jikinsu ya ga cewa ƙetarawar tana aiki. A 2016 masanan biyu suka gyara fassararsu, suka ce sallamawa ita ce abin da ƙwaƙwalwa ke yi da kanta idan wahala ta daɗe, abin da ake koyo shi ne sanin cewa mutum yana da iko a kan lamarin.

Wannan ne ya sa ban gamsu da masu ƙarfafa guiwa da suka cika Facebook da TikTok ba, masu cewa ka tsaya gaban madubi kowace safiya ka ce kai gwarzo ne. A 2009 Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun sa mutane su riƙa maimaita wa kansu cewa su abin so ne, sai aka ga waɗanda dama suke raina kansu sun ƙara jin ƙunci bayan maimaitawar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin zuciya tana da hujjojinta na shekaru, kuma idan ka kawo mata kirari ba shaida sai ta zaro tsofaffin shaidunta ta ƙara jera maka su. Akwai kuma rashin adalci a wa'azin nasu. Yarinyar da aka cire daga makaranta, ko yaron da ya yi firamare a ajin da ya fi mutum ɗari babu malamin lissafi, ba tunaninsu ne ya tare su ba. Shingensu na gaske ne, kuma gaya musu cewa matsalar tana cikin kansu ɗora laifi ne a kan wanda aka zalunta. Abin da nake magana a kai shi ne abin da ke saura bayan shingen ya gushe, mutum ya girma, ya sami hali da lokaci, amma hukuncin yana nan daram.

Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya bayyana a 1977 cewa yardar mutum da iyawarsa tana samuwa ta hanyoyi huɗu, kuma mafi ƙarfinsu ita ce ya yi abin da hannunsa ya ga ya yiwu. Ganin wani irinsa ya yi yana biye, maganar baki kuwa tana can ƙasa. Ya gwada haka da masu tsananin tsoron maciji: su fara kallonsa daga nesa, su ga wani ya riƙe shi, su taɓa da safar hannu, har su kai ga ɗaukarsa. Kowane mataki ƙarami ne ta yadda faɗuwa a kansa ke da wuya.

Mu ma mun san wannan hanya, ko da ba mu ba ta suna ba. Azuzuwan yaƙi da jahilci da aka baza a Jihar Arewa a shekarun 1950, da hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, ba da lacca kan yarda da kai suka fara ba. An ba dattijo fensir ya rubuta sunansa. Mutumin da ya shekara arba'in yana dangwala yatsa, ranar da ya sa hannu da haruffa, ba ya bukatar kowa ya gaya masa cewa karatu nasa ne.

Wani zai ce ai komai ƙaddara ce, haka Allah ya yi shi. Na yi imani da ƙaddara, amma babu wanda aka nuna wa abin da aka rubuta masa, don haka mai cewa an ƙaddara masa rashin iyawa yana da'awar sanin abin da bai sani ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, shi kuwa mai waccan da'awar bai ko nemi igiyar ba.

Ga mai son gwada hukuncinsa, shawarata ita ce ya koma daidai inda zaren ya tsinke, wanda ga mutane da yawa wajen kasa lamba gida-gida ne a ƙarshen firamare, ya ɗauki littafin aji biyar ba tare da jin kunya ba, ya zauna da shi rabin awa kullum na wata guda, tare da wanda ba zai yi masa dariya ba. Ba na alƙawarin kowa zai zama injiniya, domin baiwa ta bambanta. Amma kafin watan ya ƙare, don Allah kada ya faɗi jimlar nan a gaban 'yarsa lokacin da ta kawo masa aikin gida.