Kafin ku ce Snoop Dogg ya sha, ku ƙirga waɗanda ba su sha ba

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ku da kuka ɗauki waƙar gambara sana'a, da ku da ba kwa rabuwa da ita a kunne dare da rana.

A watan Yulin 2024 duniya ta ga Snoop Dogg, mawaƙin gambarar Amurka, riƙe da wutar gasar Olamfik yana tafe yana rangaji a titin Saint-Denis, gefen birnin Faris. Shekarunsa 52 a lokacin, ga jikoki, ga kamfanoni suna rububinsa ya yi musu talla. Tun daga nan wata magana take yawo a bakin samarinmu, kuma tana tayar mini da hankali: wai ai ga Snoop nan, ya yi daba, ya sayar da ƙwaya, ya sha wiwi son ransa, ya zagi wanda ya ga dama, amma ga shi ya manyanta cikin daula, to mu me zai hana mu? Duk mai faɗin haka ƙarshen labarin kawai ya gani. Ku ba ni hankalinku mu bi shi daga tushe.

Sunansa na yanka Calvin Broadus, an haife shi a 1971 a Long Beach da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Ya tashi a lokacin da masana'antun da iyayen baƙaƙen fata ke aiki a yankin Los Angeles suke rufewa ɗaya bayan ɗaya, hodar iblis mai arha wadda ake dafawa ta dunƙule ta cika unguwanni, ƙungiyoyin daba biyu, Crips masu shuɗi da Bloods masu ja, suna kashe juna a kan layin da kowa zai sayar da hajarsa. A 1986 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta ce wanda aka kama da giram 5 na wannan dunƙulalliyar hoda zai sha ɗaurin shekara 5, daidai da wanda aka kama da giram 500 na garin hodar da masu kuɗi suka fi sha. Samarin unguwa aka riƙa kwashewa ana cika gidajen yari da su. Shi ma Calvin ya raɓi 'yan Crips, kuma bai daɗe da gama sakandare ba aka kama shi da hodar iblis, ya yi ta shiga yana fita gidan yari na wasu shekaru. A irin wannan wuri gambarar 'yan daba ta tsiro. Waɗanda suka fara ta, irin su Ice-T da ƙungiyar N.W.A, labarin wutar da suke ciki suke bayarwa. Babu wanda ya je kasuwa ya zaɓo wannan rayuwa don ta burge shi.

Ku lura da abu guda tun a nan. 'Yan Crips dubbai ne a Long Beach da Los Angeles, kuma da yawansu sun fi Calvin taurin kai da riƙe bindiga. Ina sunayensu yau? Abin da ya fitar da shi daga cikinsu murya ce da aiki. Tun yana yaro yake rera waƙa a coci yana kaɗa fiyano, tun yana firamare yake haɗa baiti. Shi da Nate Dogg da Warren G suka riƙa naɗar waƙa a kaset har wani kaset ya kai kunnen Dr. Dre, mai haɗa kiɗa. A 1992 Dre ya saka shi a kundinsa The Chronic, mutane suka ji wata murya mai sanyi da ke tafiya a kan kiɗa ba gaggawa ba ihu. Da nasa kundin na farko, Doggystyle, ya fito a Nuwamban 1993, sai da aka sayar da kwafi sama da 800,000 a makon farko. Wannan muryar aka saya. Dabar kuwa, ga abin da ta saya masa.

A watan Agustan 1993, ana cikin aikin wannan kundi, mai tsaron lafiyarsa McKinley Lee ya harbe wani matashi ɗan asalin Habasha mai suna Philip Woldemariam a wani wurin shaƙatawa a Los Angeles, Snoop ne ke tuƙa motar. Aka tuhume su da kisan kai. Yaro ɗan shekara 21, duniya ta fara buɗe masa, sai ga shi da ɗaurin da zai iya cinye rayuwarsa duka yana rataye a wuyansa. Shekara biyu da rabi ana wannan shari'a. Sai a Fabrairun 1996 kotu ta wanke su daga laifin kisan kai, bayan lauyoyinsu sun kafe cewa kare kai aka yi. A cikin lauyoyin akwai Johnnie Cochran, wanda ya kare O.J. Simpson, mutumin da sai mai miliyoyin daloli ke iya ɗauka. Ƙanina, kai da kake ɗora hoto da gariyo da barandami a TikTok, in aka kama ka yau, wa zai tsaya maka? Mahaifiyarka ce za ta sayar da keken ɗinkinta tana zarya tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu. Kuma kada mu manta da wanda aka kashe. Shi ma ɗan wasu ne, an binne shi, kotu ba ta dawo wa iyayensa da shi ba.

Yanzu mu yi ƙirgar da na ce. Eazy-E, wanda ya kafa N.W.A, cutar ƙanjamau ta kashe shi a Maris ɗin 1995 yana da shekara 30. Tupac Shakur, abokin aikin Snoop a kamfanin Death Row, an harbe shi a Las Vegas ranar 7 ga Satumban 1996, ya cika bayan kwana shida, yana da shekara 25. Me ya jawo? Sa'o'i kaɗan kafin nan, bayan damben Mike Tyson, shi da mutanensa sun lakaɗa wa wani ɗan Crips duka a harabar otal, aka biyo su da ramuwa. Sai a 2023, bayan shekara 27, aka kama mutum na farko aka tuhume shi da wannan kisa. Wata shida bayan Tupac, a Maris ɗin 1997, aka harbe Notorious B.I.G. a Los Angeles yana da shekara 24. Suge Knight, mai kamfanin Death Row, wanda a lokacin ko sunansa aka ambata sai gaban mawaƙa ya faɗi, kamfanin ya durƙushe a hannunsa a 2006, kuma a 2018 aka yanke masa ɗaurin shekara 28 saboda ya take mutum da mota ya kashe shi. Kada ku ce zamanin da ne. Nipsey Hussle, wanda ya koma unguwarsu yana buɗe shaguna yana ba samari aiki, a ƙofar shagonsa aka harbe shi a 2019 yana da shekara 33. Pop Smoke ɗan shekara 20 ne aka kashe shi a 2020. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To ta yaya Snoop ya tsallake? Allah ne Ya yi da sauran kwanansa, wannan shi ne na farko. Na biyu, ya ja da baya a lokacin da ja da baya abin kunya ne a wajen abokansa. Ana tsakiyar gabar da ke tsakanin mawaƙan gabas da na yammacin Amurka, 'yan kwanaki kafin a harbe Tupac, ya shiga wani gidan rediyo a New York ya ce shi ba shi da gaba da su Biggie, wato Notorious B.I.G. Tupac ya yi fushi da shi, kuma Snoop da bakinsa ya sha ba da labarin irin tsoron da ya ji a jirgin da ya dawo da su gida. A 1998 ya bar Death Row gaba ɗaya, ya bar Kalifoniya, ya koma kamfanin No Limit na Master P a jihar Luwiziyana. An kira shi matsoraci, an yi masa zambo. Shi kuwa har yau yana faɗa cewa Master P ne ya ceci rayuwarsa, ya koya masa yadda ake kasuwancin waƙa.

Wannan batu na kasuwanci ina so ku riƙe shi da kyau, domin a nan ake cutar mawaƙanmu. Lokacin da sunan Snoop ya cika duniya, mallakar waƙoƙin da suka yi masa suna tana hannun kamfani. Ana ba shi mota da gida da sarƙar zinare, amma takardun na wani ne. Sai a Fabrairun 2022, kusan shekara 30 bayan kundinsa na farko, ya sayi kamfanin Death Row ɗin da ya gudu ya bari. A tsakanin nan ya yi fim, ya yi talla, ya yi shirin girki a talabijin da Martha Stewart, ya yi kundin rege a 2013, ya yi na waƙoƙin coci a 2018. A 2005 ya kafa gasar ƙwallon Amurka ta yara don ya janye su daga titi, wasu daga cikin yaran sun kai babbar gasar ƙasar. Matar da ya aura a 1997, Shante, ya kai takardar rabuwa da ita kotu a 2004, ya dawo ya gyara aurensa, har yau suna tare. Mutumin da kuke kwaikwayon shigarsa ta 1993 shi kansa ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana neman hanyar fita daga cikinta.

Ban kawo shi don in wanke shi ba. Akwai baitocinsa da ba zan iya maimaitawa a gaban ƙanwata ba, kuma abin da ya faɗa a kan mata a farkon waƙarsa ƙazanta ne. Dattijuwar mawaƙiya Dionne Warwick ta taɓa kiran shi da Suge Knight da wasu gidanta da ƙarfe 7 na safe, ta ce su kalli idonta su kira ta da sunan banzan da suke kiran mata a waƙa. Suka kasa. Ta tuna musu cewa wata rana za su haifi 'ya'ya mata, kuma 'ya'yan za su ji waƙoƙin su tambaye su. Snoop da kansa ya ba da wannan labari, ya ce maganar ta shige shi ta sauya masa rubutu. Ku ma kuna da irin wannan uwa a gida da a unguwa. Duk baitin da ba za ka iya rerawa a gaban Hajiya ba, ka san intanet ba ta mantuwa, 'yarka za ta same shi.

Sai maganar wiwi, wadda ita ce abin da samarinmu suka fi saurin ɗauka daga wajensa saboda ita ta fi sauƙi. A Kalifoniya an halatta shanta ga manya tun 2016, shi yana ma kasuwancinta. Duk da haka ta sha jawo masa kamu, har ƙasar Nowe ta hana shi shiga na shekara biyu a 2012 saboda an same shi da ita a filin jirgi. A nan kuwa addininmu ya haramta abin da ke gusar da hankali, doka ta hana, hukumar NDLEA tana kamawa. Kuma wiwin samarinmu ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta jawo kodin da tiramol da sholisho. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ya ga inda tafiyar take kaiwa. Babu baiti ko ɗaya da hayaƙi ya taɓa rubutawa wanda mai hankali a farke ba zai rubuta wanda ya fi shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ma muna da namu masu shuɗi da ja. Kano na fama da faɗan daba da ƙwacen waya, Bauchi da Jos sun san sara-suka, Gombe ta san kalare, Damagaram ta san 'yan fale. Iyaye suna binne 'ya'ya a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba. A cikin wannan hali, mawaƙin da ya hau kiɗa yana kirarin unguwarsa yana cin mutuncin ta kusa, yana yabon mai wuƙa, fetur yake zubawa a wuta. In har labarin titi kuke son bayarwa, ku ba da shi duka: yunwar da ta fitar da yaro daga gida, ɗan siyasar da ya saya masa ƙwaya lokacin zaɓe ya watsar da shi bayan an rantsar da shi, uwar da take jiran gawa a ƙofar asibiti. Wannan ma gambara ce, kuma ta fi wuyar rubutawa, shi ya sa raggo ke gudunta ya koma zagi.

Ku sani kuma cewa abin da mutum ya rera yana iya zama shaida a kansa. A jihar Jojiya ta Amurka an kama Young Thug a 2022, masu gabatar da ƙara suka kawo baitocinsa gaban kotu, ya kwashe sama da shekara biyu a tsare kafin ya amsa wasu laifuffuka a 2024 aka sake shi da sharuɗɗa masu tsauri. Abin ya yi yawa har Kalifoniya ta yi doka a 2022 don taƙaita amfani da waƙa a matsayin hujja. Kai da ka yi bidiyo kana nuna makami kana ambaton sunan wani, ranar da aka sari wannan mutum, ƙofarku za a fara ƙwanƙwasawa ko da kana barci lokacin da abin ya faru.

Ƙannena, ban ce ku bar waƙa ba. Mai baiwa ya zauna ya koyi Hausarsa da kyau, ya saurari yadda magabata suke ɗaure baiti, ya koyi haɗa kiɗa da kansa don kada kullum ya zama mai roƙo a situdiyo. In an kawo maka takardar yarjejeniya, kada ka sa hannu ranar da aka kawo ta. Kai wa lauya ko wani babba da ya san harkar ya karanta, ka tambaya ƙarara: waƙar ta wa ce bayan an fitar da ita, shekara nawa aka ɗaure ni, kuɗin YouTube da Audiomack asusun wa suke shiga? In kuma 'yan unguwa suka zo suka ce ka yi musu waƙar da za ta tsokani 'yan wata unguwa, ko wani mai neman kujera ya ce ka tara masa yara a bayanka, ka ba su haƙuri ka ce ba ka yi, ko da za su yi wata guda ba sa gaishe ka.