Ginin da ya faɗi zaɓe a talabijin, wa zai tare masa ruwan sama?

A shekarar 2003 tashar talabijin ta BBC Two a Birtaniya ta fara wani shiri mai suna Restoration, wanda Griff Rhys Jones ya gabatar. An tattaro tsofaffin gine-gine 30 daga Ingila da Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa, dukkansu masu tarihi, dukkansu kuma sun kama hanyar rushewa saboda rashin kulawa. A kowane zagaye sai a nuna uku daga yanki guda, masana gini biyu, Ptolemy Dean da Marianne Suhr, su shiga ciki su nuna wa mai kallo inda rufi ke yoyo da inda katako ya ruɓe, sannan jama'a su buga waya su zaɓi wanda suke so a ceta. Wani kaso na kuɗin kiran wayar yana shiga asusun gyara, amma mafi yawan kuɗin ya fito ne daga asusun adana kayan tarihi da ke samun kuɗinsa daga cacar ƙasa ta Birtaniya.

Wanda ya yi nasara a wannan shekara shi ne Victoria Baths, gidan wanka da iyo na jama'a a birnin Manchester, wanda aka buɗe a 1906, aka rufe a 1993. Ya samu ƙuri'u sama da 280,000 da kyautar kimanin fam miliyan 3.4. A 2004 wata tsohuwar makaranta da wani tsohon gida da ke kusa da ita a unguwar Kings Norton ta Birmingham suka lashe gasar, a 2006 kuma aka ba Chedham's Yard, wata ƙaramar maƙera da wurin haɗa ƙafafun keken doki a garin Wellesbourne.

Ba na cikin masu raina wannan shiri. Kafin zuwansa, maganar ginin da ke lalacewa magana ce ta ƙwararru da jami'an hukuma, wadda ake rubutawa a rahoto a ajiye. Shirin ya kai ta ɗakunan mutane da daddare, ya sa wanda yake wuce wani kango kullum a hanyarsa ta zuwa aiki ya san wanda ya gina shi da abin da aka yi a cikinsa. Ya kuma fito da 'yan sa-kai da suka yi shekaru suna fafutuka ba wanda ya san da su, kamar mutanen Manchester da suka ƙi yarda a manta da gidan wankansu tun ranar da aka garƙame shi. Wannan alheri ne na gaske.

Damuwata tana kan ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ƙuri'ar waya tana auna yawan masoya ne, ba ta auna kusancin gini da faɗuwa, ba ta kuma auna girman asarar da za a yi idan ya faɗi. Gidan wanka a tsakiyar babban birni, inda dubban mutane suka koyi iyo kuma iyayensu da kakanninsu suka yi wanka, yana da masu buga masa waya tun kafin a fara shirin. Gidan da ke ƙauye ko a tsibiri ba shi da wannan gata, ko da kuwa darajarsa a tarihin gini ta fi ta kowa. Haka kuma kyamara tana son abin da ke da kyan gani da labari mai sosa rai, alhali akwai gine-ginen da muhimmancinsu yana cikin dabarar da aka bi aka ɗora rufinsu, abin da ba ya ɗaukar ido cikin minti ashirin.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Mavisbank, kusa da Edinburgh, gidan da William Adam ya tsara wa Sir John Clerk a shekarun 1720, wanda masana ke lissafawa cikin muhimman gidajen Sikotland. Gobara ta cinye cikinsa a 1973. Ya kai zagayen ƙarshe a gasar 2003, bai ci ba, ya ci gaba da zama kango babu rufi, damina tana bin damina a kansa, har sai 2024 da aka ba ƙungiyar Landmark Trust tallafin fam miliyan 5.3 domin ceto shi. Shekara ashirin da ɗaya ke nan, kuma duk wanda ya taɓa riƙe gidan ƙasa ya san abin da ruwa ke yi wa bangon da aka bari babu yaɓe, babu indararo. Ɓarakar da kwando biyu na ƙasa zai toshe bana, baɗi sai an rushe sashen an sake ɗora tubali.

Shi kansa wanda ya ci bai tsira nan take ba. Sai a 2007 aka fara aikin gyaran Victoria Baths, kuma kuɗin kyautar ya tafi ne a sashen gaba na ginin, domin gyaran wurin gaba ɗaya ya ninka wannan adadi sau da yawa. Mai kallo da ya ga an sanar da zakara cikin tafi da murna yana iya ɗauka magana ta ƙare, alhali masu riƙe da ginin sun shiga wani sabon zagaye ne na neman kuɗi da neman abin da za a riƙa yi a wurin domin ya ciyar da kansa.

Masu kare gasar suna cewa har waɗanda suka faɗi sun amfana, tunda an san da su kuma wasu sun samu masu taimako daga baya. Akwai gaskiya a ciki, kuma Lissan House na Ireland ta Arewa, wanda ya zo na biyu a 2003, an gyara shi daga bisani har aka buɗe wa baƙi. Sai dai wannan sa'a ce da ƙwazon mutanen wurin, ba tsari ba ne da za a dogara da shi.

Abin da nake gani ya fi dacewa shi ne a raba ayyukan biyu. Talabijin ta yi abin da ta iya, wato nuna gine-ginen da jawo musu masoya da gudummawa, amma rabon kuɗin jama'a ya bi jerin da masana suka tsara bisa haɗari da daraja, irin rajistar gine-ginen da ke cikin haɗari da hukumar English Heritage ta fara bugawa a 1998. Idan kuma dole sai an yi gasa, to a ware kaso tun farko domin kowane gini da aka nuna ya samu rufin wucin gadi da gyaran magudanan ruwa da tokaren bango, aikin da ba shi da armashi a kyamara amma yake tsayar da lalacewa. Da an yi wa gine-gine 30 na 2003 haka, da 29 da suka rage sun jira nasu rabon a bushe.