Mai hoto, kafin ka sake biyan hayar Photoshop

Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop na sayarwa, ya koma ba da shi haya. Photoshop CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe da mutum zai biya sau ɗaya ya zama nasa. Lightroom, manhajar Adobe ta tsara hotuna da gyara su, shi ma ya bi sahu, daga na 6 ba a sake sayar da wani ba. Yanzu sai kuɗin wata, kuma da dala.

Dala 9.99 a wata, tsohon kuɗin ƙaramin tsarin da ya haɗa Photoshop da Lightroom, ba za ta hana mai hoto a Landan barci ba, amma a Kano lissafin daban ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wane mai hoton biki ne ya ninka kuɗin aikinsa sau uku, iyayen amarya suka yarda? Sai ga shi a Janairun 2025 Adobe ya ɗaga wannan ƙaramin tsari zuwa dala 14.99 ga masu biya wata-wata, ya kuma daina karɓar sababbin shiga.

A ganina yawancin masu situdiyo ba sa bukatar wannan haya. Wanda aikinsa hoton fasfo ne, ya farar da bango, ya daidaita haske, ya jera guda takwas a kati ɗaya ya buga, me sabon Photoshop zai ƙara masa? GIMP, wata manhajar gyaran hoto, kyauta ne, kuma na 3.0 ya fito a Maris 2025. Affinity, wanda kamfanin Canva ya saya a 2024, shi ma ya zama kyauta tun ƙarshen Oktoba 2025, kuma wanda hannunsa ya saba da Photoshop ba zai daɗe yana lalube a cikinsa ba. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa: dole ka yi rajista da Canva, kayan ƙirƙirarriyar basira kuwa sai ka biya. Wanda ya ba ka kyauta yau yana da ikon sauya shawara gobe.

Mai hoton biki ne lamarinsa ya bambanta. Ya dawo daga kamu da dina da ɗaruruwan hotuna, fitilun zauren sun mayar da fuskar amarya shuɗiya, ƙawaye kuma sun fara kira tun da asuba. A Lightroom zai gyara launin hoto ɗaya, ya shafa gyaran a kan sauran a lokaci guda, manhajar ta ware masa fatar fuska da kanta. Darktable da RawTherapee suna irin wannan aiki ba ko sisi, amma koyonsu na cin lokaci. Idan kana da biki kowane mako, biya hayar, ka saka ta cikin kuɗin da kake caji. Photoshop ko Lightroom na sata da ake ɗora wa mutane a kasuwa kam ba mafita ba ne, domin sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa, a kwamfutar da hotunan matan mutane suke ciki.

Abin da ya fi damuna ba farashin ba ne, wa ke riƙe da aikinka. Ranar da ka daina biyan Lightroom Classic, za ka ci gaba da ganin hotunanka, amma sashen gyara zai kulle. Gyaran shekaru kuma ba ya ƙaura daidai zuwa wata manhaja, domin kowacce da yadda take sarrafa ɗanyen hoto, wato RAW, yadda ya fito daga kyamara. Fita ma da tsada: a Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta maka Adobe a kotu bisa zargin ɓoye tarar da yake cin masu soke rajistar shekara kafin wa'adi.

Don haka duk wanda ka zaɓa, ajiye ɗanyen hoton a faifanka, ka fitar da wanda ka gama a TIFF ko JPEG. Idan kuwa sabuwar kyamara ce tsohuwar manhajarka ta ƙi karantawa, kada ka yi gaggawar shiga haya. Adobe da kansa yana da DNG Converter kyauta, wanda zai juya maka hoton yadda CS6 zai buɗe shi.