Hijabi ya shiga aji, amma a ina yaron zai yi Azahar?

Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna Legas, musamman iyayen yara na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da sauran zangunanmu. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga ya fi dacewa in faɗe ta a nan inda kowa zai gani, maimakon in ci gaba da tattauna ta da mutum biyu ko uku a ƙofar masallaci bayan Isha'i.

Kwanakin baya na tambayi ɗana, wanda yake aji biyu a ƙaramar sakandare ta gwamnati, inda yake yin sallar Azahar a ranakun makaranta. Ya sunkuyar da kai ya ce sai ya dawo gida. Na san hanyar da yake bi, na kuma san yadda danfo ke tsayawa cik a cunkoso idan an tashi daga makarantu, don haka ban buƙaci ya gaya mini cewa sau da yawa sai La'asar ta shiga yake haɗa su ba. Da na ƙara matsa masa, sai ya ce akwai lokacin da shi da abokansa uku suka riƙa sayen fiya wata suna alwala a bayan wani aji, su shimfiɗa kwali su yi salla cikin sauri, amma suka daina saboda wurin yana kusa da bayi, kuma ana buga ƙararrawa kafin su idar. Babu malamin da ya hana su, babu wanda ya zage su. Abin da ya faru shi ne babu wani babba a makarantar nan da ya ɗauki sallar yaran a matsayin abin da ya shafe shi. Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da mu sa 'ya'yanmu salla tun suna da shekara bakwai, ga nawa yana da goma sha uku yana koyon cewa salla aba ce da ake ajiyewa a gida kamar kayan barci.

Mun yi murna, kuma ya kamata mu yi, ranar 17 ga Yuni 2022 da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sanya hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Wanda ya bi shari'ar ya san ba a banza aka samu ba. A Oktoba 2014 babbar kotun jiha ta goyi bayan hanin, a Yuli 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci, gwamnati ta ɗaukaka, sannan alƙalai biyar cikin bakwai suka raba gardama. Kusan shekara takwas ke nan tsakanin hukuncin farko da na ƙarshe, har yaran da aka shigar da ƙarar dominsu suka girma suka bar sakandare. Sai dai kotu iyakarta ta faɗi abin da ba za a hana ba. Ba ta shimfiɗa tabarma, ba ta cika buta da ruwa, ba ta zama ta saurari yarinyar da mahaifiyarta ta rasu a tsakiyar zangon karatu. Mun samu 'yanci a takarda, muka naɗe hannu kamar aiki ya ƙare, alhali a nan ne ya fara.

Wanda ya san tarihin garin nan ya san cewa boko da addini tare suka shigo aji. Makarantar sakandare ta farko a ƙasar nan, CMS Grammar School, mishan ne suka kafa ta a Legas a 1859, kuma Musulmin Ikko sun daɗe suna riƙe 'ya'yansu a gida don tsoron kada yaro ya shiga da sunan Yusufu ya fito da wani suna. Gwamnatin mulkin mallaka da kanta ta fahimci cewa wa'azi ba zai cire wannan tsoro ba, shi ya sa a 1896 ta buɗe makarantar Musulmi ta gwamnati a Legas, inda ake haɗa karatun boko da na addini. Daga baya Musulmin Yarabawa suka ɗauki nauyin abin da kansu: Ansar-ud-Deen ta kafu a 1923 da manufar gina makarantu, kwalejin da yanzu ake kira Anwar-ul-Islam a nan Agege ta buɗe a 1948, sannan a 1954 aka kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS a garin nan, marigayi Lateef Adegbite ya zama shugabanta na farko tun yana ɗalibi. Waɗannan mutane ba su tsaya jiran wani ya tausaya musu ba. Sun gane cewa uba ba zai saki ɗansa ga makaranta da zuciya ɗaya ba sai ya tabbata addinin yaron zai shiga tare da shi ya kuma fito tare da shi.

Wannan tsoron bai mutu a cikinmu ba. Kowa a zango ya san gidajen da ake mayar da yara Arewa wurin kakanni da zarar sun fara tasawa, ko a bar su a kasuwa suna dako da tallan albasa, kuma idan ka tambayi uban zai ce maka boko a kurmi yana lalata tarbiyya. Ina ganin kuskure ne a hana yaro karatu, amma ba zan ce tsoron ba shi da tushe ba. Duk mai son ganin 'ya'yan Hausawan Legas sun cika azuzuwa, to ya sani cewa ɗakin salla mai tsabta da babban mutum mai kula da shi sun fi kowace sanarwar rediyo jan hankalin irin wannan uba.

Abin da nake nema ya wuce ɗaki da buta, ko da yake da su za a fara. Ina neman mutum. A barikin soja akwai limami da fada da fasto, an ɗauke su aiki an ba su muƙami, domin rundunar ta san sojan da zuciyarsa ba ta natsu ba ba zai tsaya daidai ba. A Jami'ar Legas da ke Akoka akwai masallaci da majami'u, da malaman da ɗalibai ke zuwa wurinsu idan duniya ta yi musu zafi. Wato mun yarda cewa ƙaton soja da ɗalibin jami'a suna buƙatar mai riƙe musu hannu ta fuskar addini, amma yaro ɗan shekara goma sha uku, wanda jikinsa ke canzawa, wanda 'yan daba ke jiransa a bakin titi, wanda abokai ke miƙa masa ƙwaya, shi ne muka bari ba kowa. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, amma mu da ke zaune a unguwa mun san doka ba ta hana ƙwaya shiga aljihun ɗan makaranta ba.

Za a ce ai akwai malaman darasin addinin Musulunci da na Kirista. Akwai su a wasu makarantun, kuma ina girmama su, amma aikinsu daban ne. Suna da manhaja da za su kammala, da jarrabawar da za su shirya yara dominta, da ɗaruruwan takardu da za su duba. Malamin tarbiyya da nake nufi shi ne wanda yaro zai je wurinsa ba don maki ba. Shi zai lura cewa wane ya daina zuwa salla mako biyu, ya tambaye shi lafiya, ya gano cewa mahaifinsa na kwance a asibiti kuma yaron ne ke kwana a rumfa. Shi zai tunatar da malamin wasanni cewa ana azumi, kada a sa yara gudu da tsakar rana. Haka kuma dole a samu mace a wannan aiki, domin akwai tambayoyin tsarki da jinin al'ada da yarinya ba za ta taɓa yi wa namiji ba, wasu ma ba sa iya yi wa iyayensu mata. Idan aka dace da mai jin Hausa a makarantar da 'ya'yanmu ke da yawa, to an yi babban gyara, saboda yaronmu yana Turanci a aji, yana Yarabanci a titi, amma idan kuka ya zo masa da Hausa yake yin sa.

A nan sai mu yi wa kanmu adalci. Duk abin da na nema wa ɗana, ina nema wa ɗan maƙwabcina. Maƙwabcin nawa Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, da Hausa suke sujada a majami'arsu, kuma mun shekara fiye da goma muna shan ruwan rijiya ɗaya. Ya taɓa gaya mini cewa ya sa 'yarsa a wata makarantar kuɗi ta wani Musulmi saboda kusa take, sai ya tarar ana sa ta karanta addu'o'in da ba na addininta ba a taron safe. Na ji kunyar wannan magana kamar yadda nake jin zafi idan aka sa ɗana rera waƙar coci. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, a ƙaramin sashe na 2, ya faɗa ƙarara cewa ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addini ko halartar ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Alƙur'ani ya riga kundin faɗa cewa babu tilastawa a addini. Idan za a buɗe wa Musulmi ɗakin salla, a ba Kiristoci wurin da ƙungiyarsu za ta taru da fastonsu ko malaminsu, kuma taron safe ya zama na kowa, ko dai a raba yara na mintuna kaɗan kowa ya yi addu'arsa, ko a tsaya ga abin da ya haɗa su. Mun ga abin da ya faru a Ilorin a 2021, inda aka rufe makarantu goma saboda rikicin hijabi, yaran ɓangarorin biyu suka zauna a gida. Ba na fatan Legas ta ɗanɗana irin wannan.

Akwai masu cewa sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, don haka a fitar da addini daga makaranta gaba ɗaya. Ban yarda da wannan fahimta ba. Gwamnatin da ta ba yaro minti goma sha biyar ya yi salla, ta kuma ba ɗan uwansa irin wannan dama, ba ta ɗauki addini ba, ta dai girmama 'yan ƙasarta ne. Batun lokaci ma ba shi da wuya. A Legas Azahar tana shiga ne tsakanin sha biyu da rabi zuwa ƙarfe ɗaya, gwargwadon watan da ake ciki, saboda haka ɗan gyara a jadawalin hutu ya isa.

Damuwar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce wane ne za a ba wannan amana. Ba duk mai rawani ko mai riƙe da Littafi Mai Tsarki ne ya cancanci a bar shi da 'ya'yan mutane ba. Dole a binciki mutum, a san inda ya yi karatu da waɗanda suka san halinsa, ya kasance ƙarƙashin shugaban makaranta, kuma kada ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe. Sannan mu Musulmi mu ji tsoron Allah kada mu kwashi rigimarmu ta ƙabalu da sadalu, ko ta Izala da ɗariƙa, mu kai wa yaran da ko Fatiha wasunsu ba su gyara ba. Malamin da zai shiga makaranta ya fara da kafirta iyayen wasu ɗalibai, gara a bar ɗakin a kulle. Malamai masu natsuwa ba su yi mana ƙaranci ba. A nan Agege Markaz ɗin Shehu Adamu Al-Ilori ya shafe shekaru yana yaye su, ga kuma na Islamiyyoyinmu na zango.

Laifin da ya fi girma namu ne, mu iyaye. Na halarci taron iyaye da malamai na makarantar ɗana a zangon da ya wuce, kuma a cikin zauren da ya cika, Hausawan da na gani ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, alhali na san yawan yaranmu a wurin. Na san uzurinmu: mai kayan gwari yana Mile 12 tun kafin asuba, mai dabbobi ba ya barin turke, wani kuma yana jin nauyin tashi ya yi magana da Turancin da bai ƙware ba. Amma a wannan zauren ake yanke shawarar inda za a kafa tankin ruwa da abin da za a yi da tsohon ɗakin ajiya. Wanda bai zo ba, ba a san da buƙatarsa ba. Muna iya tara kuɗi cikin dare ɗaya idan za a sa wa masallacin unguwa tayil, don haka tabarmi goma da butoci ashirin da ɗan alawus na malami ba za su gagare mu ba. Ina roƙon sarakunan Hausawa da limaman Juma'a su sa wannan magana a bakinsu, domin kalma ɗaya daga mumbari ta fi rubutuna isa gidaje.

Mu biyar ne yanzu muka haɗu, har da maƙwabcin nan nawa. Mun rubuta takarda cikin ladabi zuwa ga shugabar makarantar, za mu kai kwafi ofishin gundumar ilimi ta ɗaya da ke Agege, muna neman a ba mu aron ɗaki ɗaya mu gyara da kuɗinmu, a daidaita lokacin hutu da Azahar, a ware wa ɗalibai Kiristoci nasu wuri da lokaci, sannan a yarda mu gabatar da malami da malama da fasto waɗanda makaranta za ta tantance da kanta. Ba za mu je ƙofar makaranta da taron jama'a ba, ba kuma za mu ɗaga wa kowa murya ba. Duk uban da ɗansa ke makarantar gwamnati a yankin nan kuma yake son a sa hannunsa, ya same ni bayan sallar Juma'a, takardar tana wurina har zuwa Litinin da safe.