Wadirob cike da kaya, amma ran Litinin babu na sawa

'Yan uwana mata ma'aikata yau da ku nake, na san wasu za su ji haushina amma dai sai na faɗa. Ki buɗe wadirob ɗin mace mai aiki ki sha kallo, leshi mai duwatsu, shadda mai aiki har gwiwa, ankon bikin ƙanwar ƙawar matar yaya, wani ma sau ɗaya aka sa shi aka ɗau hoto aka ninke, amma duk daren Lahadi sai ki ganta ta riƙe ƙugu tana tunanin me za ta sa gobe. Kwana biyar a sati muna ofis ko aji ko asibiti ko shago, biki kuwa in ya yi yawa Asabar da Lahadi ne, amma kuɗin suturarmu kusan duk biki ke lashe shi. Wannan lissafin wlh bai fita ba.

Kuma a wane zamani? Mafi ƙarancin albashi tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, a Kano aka ce 71,000, su kuwa malaman makarantun kuɗi da 'yan aikin shago da yawa ko wannan ɗin ba sa gani. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita kaɗai ya ishi mutum tunani. Atamfar da muke ɗauka a kasuwar Kantin Kwari ta Kano yawancinta daga Chaina take zuwa, don masaƙun Kaduna da iyayenmu suka sani, su KTL da aka buɗe tun 1957 da UNTL da Arewa Textiles, duk sun daɗe da durƙushewa, wanda ya san Kakuri, unguwar masaƙun, da can ya ga Kakuri yanzu sai dai addu'a. To tunda daga waje ake kawowa, dala na motsawa turmi na motsawa, dalar da gwamnati ke bayarwa ƙasa da 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Albashi bai ninka uku ba. Mu ne dai muke son yin rayuwar da kamar babu abin da ya canza.

Abin da nake gani shi ne, mace ta fara ɗinka kayan zuwa aiki tukuna, in an samu rara a yi na biki. Kuma kayan aiki ba su da yawan da muke zato. Set biyar zuwa shida masu kyau da kwari, sai abaya baƙa ko doguwar riga mara ado guda ɗaya ta ranar da kika makara ko ba a kawo wuta kin yi guga ba, sun isa ki yi wata da watanni kina juyawa ba wanda zai ce kin yi ƙazanta. Abin da ke sa kaya su yi kamar suna da yawa ba yawan turamen ba ne, mayafi ne da ɗaurin ɗankwali. In kina da mayafi baƙi, da ruwan toka, da ruwan madara, da ruwan ƙasa ko nebi bulu, kusan duk atamfar da kika ɗauko ɗaya a cikinsu zai hau. Amma mu sai mu sayi atamfa mai wata irin kala wadda dole sai an nemo mata nata mayafin, da nata takalmin, da tata jakar, kin ga turmi ɗaya ya haifi sayayya huɗu. Ni yanzu in ina gaban mai shago, kafin in tambayi kuɗi sai na tambayi kaina wane mayafi nake da shi a gida da zai shiga da wannan, in babu sai in wuce ko da ta min kyau.

Maganar zaɓen atamfa kuma, don Allah a daina jin kunyar cewa ba Super ba ce. Holan da Super kaya ne masu kyau ba musu, wadda ta samu a lefe ta adana abinta, amma ba su za ki sa ki shiga adaidaita mutum uku a baya ga ƙurar hunturu ga hayaƙi ba. Matsakaiciyar atamfa mai auduga ita ce ta aiki. Ki guji mai ƙyalli ɗin nan mai santsi kamar leda, roba ce, a zafin Afrilu da Mayu za ki dahu a ciki kuma warin gumi ba ya fita daga jikinta da daɗi. In kina shakka ki zari zare ɗaya daga bakin ki ƙona, auduga toka take zama ta yi warin ƙonanniyar takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Zuba kuma, jiƙa farin hankici ki goga a gefe, in ya ɗau kala kin san abin da zai faru ranar wanki. Kuma ki zaɓi zane ƙanana masu duhu kaɗan, don atamfa mai ƙaton fulawa ja ko daga ƙarshen koridon sakatariya aka hango ki an san ita ce ta ran Talata, mai ƙananan zane kuwa ba kowa ke riƙe ta a kai ba.

Inda aka fi yin asara wajen tela ne, nan zan ɗan daɗe. Sitayil ɗin da kika gani a Instagram wadda ta sa shi tsayuwa kawai ta yi aka ɗauke ta hoto, ba ta tsallaka kwata ba, ba ta hau bene hawa uku da fayil a hannu ba, ba ta ɗaga hannu ta yi rubutu a allo ba. Ke duk za ki yi. Don haka ki faɗa wa telanki gaskiya, wannan na zuwa aiki ne. Hannun riga ya zama wanda zai naɗu ya wuce gwiwar hannu, don azahar da la'asar a wurin aiki suke riskar ki, ba abin takaici kamar ki tsaya a bakin famfo kina kokawa da matsattsen hannu don ki yi alwala. Siket ya zama mai faɗin da za ki ɗaga ƙafa ki shiga mota ba sai kin tattare ba. Tsawo kar ya ja ƙasa, damina na nan tafe, kuma wadda ke hawa babur ta san yadda doguwar abaya ko bakin mayafi ke shiga taya, mutane sun ji ciwo ta haka ba wasa ba. A sa miki aljihu, ban san wa ya yanke hukuncin cewa mata ba sa buƙatar aljihu ba. Mai shayarwa a sa zif a gaba. Sannan abu mafi muhimmanci, ki ce ya bar miki yadi a ciki ta gefe da gefe, jikin mace yau ya ƙaru gobe ya ragu, ga ciki ga goyo ga azumi, rigar da aka bar wa wuri farke ta kawai za a yi a buɗa, wadda aka yanke cif-cif kuwa sai kyauta. Duwatsu da bid da su leshin da ake liƙawa a wuya duk a bar su, su ke ƙara kuɗin ɗinki kuma su ke fara zubewa a wanki na uku.

Turmi yadi shida ne. Doguwar riga mara tattara ba ta cinye shi duka ga mai matsakaicin jiki, don haka ki karɓo ragowarki, kar ki ji nauyi, naki ne. Da shi za a fitar da wata 'yar riga da za ki ɗora a kan baƙin siket, kin samu shiga biyu a turmi ɗaya. Kuma ki kai ɗinki bayan sallah lokacin da teloli ke zaune suna hamma, ba cikin azumi ba da za a karɓi kuɗinki da tsada a yi miki aikin gaggawa kuma a yi ta miki gobe-gobe.

Gwanjo kuma fa. Na san akwai masu ɗaga hanci, amma a Ƙofar Wambai da Kasuwar Barci ta Kaduna ba talakawa kaɗai ke durƙusawa suna zaɓe ba, hajiyoyi da yawa da mota suke zuwa. Jaka ta fata ta gaske, takalmi falat, suwaitar hunturu, kot ga 'yan banki da lauyoyi da dole sai sun sa, rigar ciki ta ƙarƙashin abaya, duk waɗannan na gwanjo mai kyau ya fi sabon ɗan Chaina mai arha daɗewa nesa ba kusa ba. Ki yi sabo da mai shago ɗaya ya riƙa gaya miki ranar da za a fasa dila, ki je da wuri, ki duba zif da hammata da ƙasan takalmi, ki zo gida ki wanke da ruwan zafi ki shanya a rana. Bireziya da sauran kayan ciki dai ni ina ganin a daure a sayi sabbi, kuma a sayi daidai jiki, don rabin kyan riga daga nan yake.

Takalmi biyu sun isa, baƙi da ruwan ƙasa, masu taushi. Mai tsini ki ajiye a durowar ofis in dole sai kin sa.

Sai 'yar bashin ofis, kowace ma'aikata akwai ta, baiwar Allah mai zuwa da jakar Ghana-mas-go ana tsakiyar wata ta ce ɗauki kawai Hajiya sai an yi albashi. Ba na zaginta, sana'a take kuma tana jiran kuɗinta wata biyu uku dole ta ɗora riba. Amma ke ki lura, ba don kina buƙata kike ɗauka ba, don ba a ce ki biya yau ba ne, albashi na shigowa kin riga kin cinye shi tun a jakarta. Gara ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi adashin sutura, wadda ta kwasa ta shiga Kwari da kuɗi a hannu ta yi ciniki da bakinta, ko ku haɗa kuɗi ku ɗauko a farashin sari ku raba.

Kula da kayan ma rabin tattali ne. Atamfa ba ta son a jiƙa ta a omo ta kwana, sabulu ya ishe ta, a juya ta ciki a waje a shanya a inuwa, ranar Arewa ba ta raga wa kala. Kina dawowa gida ki cire ki rataye ta sha iska, kar ki shiga kicin da ita. Shaddar da ta koɗe kuma ba ta mutu ba, a kai marina a rine ta da kala mai duhu a buga, mutanen Ƙofar Mata da sauran marinan Kano wannan aikin suka gada, ta dawo ta ƙara miki shekara.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, tsoron a ce ta maimaita. Ku dubi mazan da muke aiki tare da su, mutum na da yadi kala huɗu, fari da ruwan toka da shuɗi da ruwan ƙasa, hula kawai yake canzawa, shekara ta zagayo ba wanda ya taɓa ce masa komai, har girma yake samu a ce mutumin kirki ne ba ruwansa da ƙarya. Mu kuwa mu ne ke ƙirga wa junanmu. Ba oga ke ƙirgawa ba, ba ɗalibai ba, ba marasa lafiya ba, mu ne dai a ɗakin malamai da wajen cin abinci, a kalli mace daga sama har ƙasa a ce wannan ba ita kika sa ranar taro ba? Eh ita ce, wankakka ce gogagga, sai me? Wallahi akwai wadda ke cin bashi don gudun wannan kalma guda ɗaya, kuma mai faɗar ba za ta taya ta biya ba. In kin san kina cikin masu wannan tambayar, yaya don Allah ki bari.

Anko kuma ban ce a daina ba, kar a ce na ce. Yana da amfaninsa, zumunci ne, kuma ranar biki mai shi da mara shi duk shiga ɗaya suke yi ba a gane wa ya fi wa. Amma ya wuce gona da iri. Biki ɗaya anko uku, na kamu daban na dina daban na yini daban, a ofis ɗaya a wata ɗaya mutum biyu su aurar, ga na dangi ga na unguwa ga na 'yan ajinku na sakandare da aka buɗe wa guruf a WhatsApp. Mu ƙaddara anko da ɗinkinsa da mayafinsa sun tashi 35,000, ga mai ɗaukar 70,000 rabin wata ta yi tana aiki don yinin Asabar ɗaya kenan. Na 'yar uwa ta jini da aminiya ki yi, sauran ki sa abin da kike da shi mai kama da kalar ki je ki yi Allah sanya alheri ki ba da gudummawarki, kuɗin a hannun uwar amarya ya fi mata amfani a kan ta gan ki cikin leshi. Wanda kika yi ɗin ma ki ɗinka shi yadda bayan biki zai shiga layin kayan ofis.

Ku kuma amare da iyayen amare masu fitar da anko, ku riƙa tuna cewa yawancin waɗanda za ku tura wa hoton nan albashi suke jira. Ku fitar da atamfa matsakaiciya mai auduga, guda ɗaya tak, ku faɗi sunanta da layin da ake samunta a kasuwa kowa ta je ta saya da kanta, ku sanar da wuri kamar wata biyu kafin biki. Ɗora riba a kan anko don a haɗa kuɗin dekoreshon kuma, mun sani fa, muna zuwa Kwari mu ma.